Ku Kira Malam Garba Ku Sallame Shi

Zuwa ga Shugaban Sashen Ɗaukar Ma'aikata,
na kamfanin nan na Abuja mai samo wa manyan sito-sito ma'aikata.

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Bayan gaisuwa mai yawa, Yallaɓai, ina fata wannan takarda ta same ka lafiya, kai da iyali da duk waɗanda ke aiki a ƙarƙashinka. Ban san sunanka ba, domin saƙonninku ba sa zuwa da suna. Sunan kamfanin na san shi sarai, amma na bar shi, don ba tozarci na fito yi ba. In kun karanta za ku gane kanku.

Sunana Umaru, ina haya a Kwamba, cikin Suleja. Shekaruna hamsin da shida. Na fi shekara ashirin ina riƙe da makullin sito a wani shagon kayan gini a Abuja, har mai shagon ya rasu, magada suka raba dukiya, aka ce kowa ya kama gabansa. Tun daga nan nake buga-buga. Na kai takardu wurare da dama, naku ma har da shi, har kunnena ya saba da "za mu neme ka". Da daminar bana ta kawo kai, yayana Audu ya ce in daina kashe takalmi a Abuja, in zo in noma gonar da mahaifinmu ya bar mini. Ƙauyen namu yana gaba da Izom, cikin kwari, inda waya ba ta da amfani sai an hau dutse.

Ban sani ba ko a ƙauye ka tashi, don haka bari in yi maka bayanin gayya, domin duk kukan nawa a kanta yake. Maƙwabtan gona sukan haɗu su yi wa mutum ɗaya aiki a yini guda, shi kuma ya ba su kunu da tuwo. Jibi sai a koma gonar wani, har a zagaye kowa. Ba a biyan kuɗi, da jiki ake ramawa. Yaya Audu ya roƙi mutane a fara da gonata, ya ce ƙaninsa ya daɗe a birni, hannunsa ya yi laushi, a tausaya masa. Suka amsa. Har wani dattijo, Malam Bawa, wanda ya girmi yayana, ya zo da 'ya'yansa biyu. Kafin la'asar an gama huɗa, washegari na shuka masara, na dawo Kwamba da niyyar in kwana biyu in koma rama gayya.

A cikin kwana biyun nan ne saƙonku ya shigo. Ya ce an zaɓe ni don ganawa ta waya a kan aikin kula da sito. Ya ce za a kira ni "cikin kwanaki masu zuwa", tsakanin safe da yamma. Ya ce in kasance a wuri mai shiru, wanda aka kira bai ɗauka ba ba za a sake kiransa ba, kuma kada a kira lambar da ta turo saƙon. Wallahi na yi murna irin wadda na daɗe ban yi ba. Na karanta wa maiɗakina shi sau uku.

Ga abin da nake kuka da shi.

Na farko, kun ba da alkawari marar rana. "Kwanaki masu zuwa" ba rana ba ce, Yallaɓai. Ga wanda ke zaune a ofis ƙila magana ce ta sauƙi, amma ga wanda ke jira, turke ne. Gidan hayarmu ba wurin shiru ba ne: ga injin markaɗe a zaure, ga janareton mai walda a bayan katanga, ga yara. Sai da na zagaye unguwa kafin in samu wani benci a gindin mangwaro, bayan masallacinmu, inda ba hayaniya kuma waya na kamawa sosai. Nan na mayar ofishina. Kullum da safe in yi wanka, in sa kaftani mai guga, in kafa hula, in tafi. Maiɗakina ta ce, "Malam, ai ba ganinka za su yi ba." Na ce mata ni ina ganin kaina.

Shiri kuwa na yi shi iya ƙarfina. An gaya mini za ku ce in faɗi abin da na fi kowa iyawa. Mu da aka rene mu da cewa yabon kai jahilci ne, wannan ba ƙaramin aiki ba ne. A zamaninmu wani ne ke kai ka, ya ce wannan yaron ba ya taɓa kayan mutane, kai kuma kana sunkuye. Yanzu ga ni da furfura, ina zaune gaban matata tana yi mini tambayoyi, ina koyon faɗin cewa ni mai amana ne, da Turanci, ba tare da muryata ta yi rawa ba. Tana dariya, ina dariya, amma a zuci kunya nake ji. Duk da haka na haddace. Na rage doguwar gaisuwa, don an ce ba ku da lokacinta. Wayar kuwa ba ta rabuwa da ni. Da ita nake shiga banɗaki, a ƙulle cikin leda. In an ɗauke wuta in kai ta wurin mai caji, in tsaya a kanta kamar mai gadin jariri. Abin da ya fi damuna, ko a sahun salla hankalina yana aljihu. Allah Ya yafe mini wannan.

Na biyu, ga abin da jiran ya ci. Ranar gayyar Yaya Audu ta zo, ban je ba. Na aika masa cewa ya ba ni kwana biyu, ya ce ba komai, shi ɗan'uwa ne. Aka yi ta wani, aka yi ta wani, ina gindin mangwaro. Kullum in ce yau ne, in na tafi yau suka kira fa? Sai ranar Malam Bawa ta zo. Daren jajibirinta na ɗaura jaka, da gari ya waye na kwance ta. Na ba wani mai mota ɗan abin da ke hannuna ya kai wa dattijon, a sayi goro da sukarin kunu. Da yamma mai motar ya dawo mini da kuɗin yadda na naɗe su. Ya ce Malam Bawa ya ce a gaishe ni, kuma a gaya mini, "Mu ba kuɗi muka kai gonarsa ba, bayanmu muka kai."

Na san wani zai ce wa ya aike ni, kwaɗayi mabuɗin wahala. Na yarda ni na zaɓa, ba wanda ya ɗaure ni da igiya. Amma ka sa kanka a matsayin magidancin da ya shekara biyu ba wanda ya ko amsa masa takarda, sannan a ce masa ga ƙofa, sai dai in ya ƙifta ido an rufe. Da kun ce ranar Talata ce, ko kun ce mako mai zuwa ne, da na je na yi wa mutane aikinsu na dawo na zauna muku. Kalma ɗaya ce, ba za ta ci muku ko sisi ba.

Na uku, kiran da kansa. Ya zo a mako na uku, da hantsi. Na miƙe tsaye, na gyara hula, na ɗauka tun bai gama bugun farko ba. Muryar wata yarinya ce mai ladabi. Ta tambayi sunana, na faɗa. Ta tambayi shekaruna, na faɗa. Sai na ji tana danna na'ura. Daga nan ta ba ni haƙuri, ta ce masu siton sun ce ba sa son wanda ya haura arba'in da biyar. Na ce mata, 'yata, a aikin sito kaɗai ko a duka? Ta ce a duka, har direbobi da masu gadi. Ta yi mini fatan alheri ta kashe. Duk abin da na haddace, ko kalma ɗaya ba a tambaye ni ba.

Yarinyar ba ta da laifi, abin da aka ɗora mata ta karanta. Kuma ban ce dole ku ɗauki tsoho ba, ko da yake har gobe ina iya kwana a tsaye ana sauke tirela ban yi kuskuren buhu ɗaya ba. Masu sito da kuɗinsu, su zaɓi wanda suke so. Tambayata ita ce: shekarun nawa ɓoye suke? Suna shafin farko na takardar da na cike muku, ƙarƙashin hotona, ga furfura nan kowa na gani. Wanda ya tura mini saƙon farko, da ya duba layi ɗaya, da bai tura ba. Na fi son a ƙi ni tun ranar farko. Ƙin da ya zo da wuri ai taimako ne.

Da yammacin ranar na tafi ƙauye. Ciyawa ta riga ta shaƙe masarar, ta yi rawaya, ta tsaya iya ƙwauri, alhali ta maƙwabta ta kai gwiwa. An riga an zagaya noman farko da gayya, an tsallake gonata, kuma ba wanda zan ce ya zalunce ni. Yaya Audu bai yi mini faɗa ba, da ma ya yi da ya fi mini sauƙi. Ya dai ce, "Umaru, da bakina na roƙa maka su." A masallaci an amsa sallamata, an tambayi mutanen gida, ba wanda ya tambayi aikin Abuja. Ni kaɗai na duƙa da fartanya, na ceto abin da ya cetu. Abin da zan girba bana ba zai kai mu tsakiyar rani ba. Ba tsuntsu, ba tarko, kuma har da mutunci a ciki.

Na huɗu, kuma shi ne ainihin dalilin wannan takarda. Nawa ya riga ya wuce. Amma akwai maƙwabcina, Malam Garba, wanda ɗakinsa ke kallon nawa. Mutumin Katsina ne, tsohon direban ofis, ya girme ni da shekara biyu. Tun da aikinsa ya ƙare yake jan keke mai ƙafa uku na wani, kullum da yamma ya kai wa mai shi balas, wato kuɗin yinin da suka yanka, abin da ya rage a ci tuwo da shi. Ni na kai shi ya cike takardarku, lokacin da nake ganin alheri nake yi masa. Makon jiya saƙonku ya shigo masa, irin nawa sak, sai dai shi aikin direba aka ce.

Ya jingine keken. Ya ce ba a ganawa a cikin ƙarar inji da hon ɗin motocin garin Madalla, kuma in ya ce sai ya faka zai ɗauka, kiran ya katse. Yanzu haka yana kan bencin nan na gindin mangwaro, da hularsa, da 'yar takardar da ya rubuta amsoshi a kai. Da na dawo daga ƙauye na zauna kusa da shi na gaya masa duk abin da yarinyar ta faɗa mini, har maganar direbobi. Ya saurare ni tsaf, sannan ya ce, "Malam Umaru, kowa da rabonsa. Da ba sa so na, ai da ba su turo ba." Ni ma abin da na gaya wa kaina ke nan. An ce gani ga wane ya ishi wane tsoron Allah, amma mai iyali bakwai da aka nuna wa albashi ba ya gani. Na lura ma ya fara yi mini kallon wanda ya rasa yake baƙin ciki, mu da muke cin tuwo kwano ɗaya.

Mai keken ya aiko cewa in Juma'a ta wuce bai fito ba, zai ba wani makullin, kuma masu jira sun fi goma. Matar Malam Garba ta shigo wurin maiɗakina tana hawaye. Ba mai iya tayar da shi daga bencin nan, ba ni ba, ba liman ba, sai muryar da ta fito daga ofishinku.

Don haka ga roƙona, Yallaɓai.

Ku sa a duba shekarun mutum kafin a tura masa saƙo. In akwai iyaka, ku rubuta ta ɓaro-ɓaro a tallar aikin, mu da muka wuce ta mu san inda dare ya yi mana. In za ku kira mutum, ku faɗa masa rana, ko da ba ku faɗi sa'a ba, kuma ku bar lambar da zai iya nemanku in uzuri ya taso. Ku tuna cewa wanda ba shi da aikin albashi ba zaman banza yake yi ba. Akwai abin da yake tattalawa da ƙyar, kuma shi yake ajiyewa ya jira ku.

Sai babban roƙon: ku kira Malam Garba kafin Juma'a. Ba sai na ba ku lambarsa ba, tana wurinku. Ku duba cikin masu neman aikin direba daga Kwamba, mai shekara hamsin da takwas, ba za su yi yawa ba. In za ku ɗauke shi, alhamdu lillahi, ni zan fara yi muku godiya. In kuwa amsar irin tawa ce, ku faɗa masa yau, ya samu ya karɓi makullinsa tun bai shiga hannun wani ba. Ba zai ci muku lokaci ba, ni ma kiran nawa bai kai tafasar shayi ba.

Ni kam gobe da sassafe zan koma ƙauye. An fara maimai, wato noma na biyu, a gonar Malam Bawa, ba a gayyace ni ba, amma zan je da fartanyata in kama kunya ɗaya ta shuka in duƙa, ko Allah zai sa ya ƙyale ni in kai ƙarshenta. Waya ba ta shiga can, don haka kada ku wahalar da kanku nemana don ba ni haƙuri. Kuɗin kiran ku kashe shi a kan Malam Garba.

Allah Ya yi maka jagora a wannan kujera, Ya sa ka gama lafiya. Allah Ya ba ka tsawon rai har ka ga furfurarka, kuma Ya sa ranar da ta zo, ba ka jiran kiran kowa.

Wassalamu alaikum.

Naka,
Umaru,
Kwamba, Suleja.