Inna, Baba Ya Ce a Bar Ki a Gida

Zuwa ga mahaifiyata,

Assalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu. Ina gaishe ki a durƙushe, irin gaisuwar da kika koya mana tun muna ƙanana, tare da roƙon Allah ya sa kina cikin ni'imarsa. Na san wannan takarda ba za ta iske ki ba. Ko kina raye ma sai dai ƙanwata Rabi ta karanta miki. Amma damina ta biyu ke nan da rasuwarki, labari ya taru mini, kuma ban saba kai shi wurin kowa ba sai ke.

Na kusa gama jami'a, Inna.

Kin tuna ranar da na ce miki ba aikin jinya aka ba ni ba, nazarin harshe aka ba ni? Kina tankaɗe a tsakar gida, kika ajiye rariya kika dube ni, kika ce, "To Hausar ma sai an je Kano an koyo ta? Zauna nan in koya miki kyauta." Kowa ya yi dariya har da ni. Amma ranar tafiya ke kika soya mini gyaɗa, kika ɗauko jakata a ka, kika raka ni har inda masu babur ke jiran fasinjan Gaya.

Ban taɓa yi miki bayanin karatun yadda ya kamata ba. Mukan tara maganar mutane da yawa, ta baki da ta rubutu, mu zuba a kwamfuta wuri guda. Malamanmu suna ce wa tarin kofus, ni kuwa a raina rumbu nake ce masa. Sai a sa kwamfutar ta ƙirga wace kalma ta fi yawa, wace ce ke yawan bin wata, me tsofaffi ke faɗa da yara suka daina. Daga nan lissafi ya shigo, don a gane ko abin da aka gani halin harshen ne ko kuwa dacewa ce kawai. Lissafin nan ya gasa mini aya a hannu. Na faɗi jarrabawarsa, sai da na maimaita. Ita kanta kwamfutar da farko ba ta san bambancin ƙafa da kafa ba, sai da muka yi ta fama da ita.

Da aka zo aikin kammalawa, na zaɓi in tara hirar matan Gaya da Ajingi. Malamar da ke duba aikina ta yarda, amma ta kafa sharaɗi. Duk wadda zan naɗi muryarta sai na nemi izininta, sai na cire sunaye, kuma in gaya musu cewa rumbun zai zauna a makaranta, ɗalibai na baya za su yi ta amfani da shi.

'Yan mata da matan aure ba su ba ni wahala ba. Tsofaffin ne matsala. Da na fito da waya sai su ja mayafi su ce ba su da abin faɗa. Malama ta duba abin da na kawo ta ce manyan mata sun yi kaɗan, lissafina ba zai tsaya ba, ga lokacin miƙa aiki yana ƙaratowa.

A nan ne na tuna da saƙonninki na murya, waɗanda kike aiko mini ta wayar Rabi tun shekarata ta farko. Ban goge ko ɗaya ba, amma tun da kika rasu ban iya buɗe su ba.

Na zauna a ɗakin kwamfuta da rana tsaka, na sa abin sauraro a kunnuwana, na fara rubuta ki. Ƙa'idar aikin ita ce a rubuta komai yadda ya fito, har da tari da "to" da inda mutum ya katse ya sake. Sai ga ni ina rubuta kukan akuyarmu, da ƙarar turmin maƙwabta, da Rabi tana raɗa miki, "Inna, ki danna ki riƙe, kada ki saki."

Akwai wani abu da manhajar da muke aiki da ita a kwamfuta ke yi. In ka rubuta kalma, sai ta jero maka duk inda ta fito, kalmar a tsakiya, abin da ya gabace ta a hagu, abin da ya biyo ta a dama. Ban san abin da ya kai ni ba, na rubuta sunana. Allon ya fito fari fat.

Ba wai ban sani ba ne. Ni ce 'yar fari, ke kuwa kin taso da kunyar gidanku na Fulani, ba ki taɓa kama sunana ba. "Ke wannan" kike ce mini. Sai na rubuta hakan, nan take allon ya cika daga sama har ƙasa. Ke wannan, kin ci abinci kuwa. Ke wannan, kada ki yi wasa da sallah. Ke wannan, na ji muryarki kamar da mura. Ke wannan, yaushe ne hutun. Wata 'yar ajinmu ce ta zo ta rufe kwamfutar, ta kama hannuna ta fitar da ni waje.

Da na kai wa Malama maganar sa saƙonninki a rumbun, sai ta ce, "Allah ya ji ƙanta. Amma mamaci ba ya ba da izini. Je ki tambayi mahaifinki, in ya yarda na yarda."

Na tafi gida Kademi. Na tarar da Baba bayan la'asar a gindin darbejiyar ƙofar gida yana gyaran ƙotar fartanya. Ya rame, Inna, kuma ya rage fita majalisa. Ashe bai ma san da saƙonnin ba. Na yi masa bayani, ya ce in kunna ya ji.

Da muryarki ta fito sai ya ajiye fartanyar. Bai dube ni ba, bai dubi wayar ba, gonar Malam Sule da ke gabanmu ya ƙura wa ido. Muka zo inda kike cewa, "Babanku ya ware miki gyaɗa ya hana kowa taɓawa. Kullum sai ya tambayi Rabi ko kin bugo, amma in kin bugo ɗin sai ya ce a gaishe ki kawai." Baba ya yi ɗan murmushi ya ce, "Ashe tona ni take yi."

Sai da muka saurari duka. Aka kira magariba bai tashi ba, abin da ban taɓa gani ba. Sannan ya ce, "Wannan ba hirar kasuwa ba ce. Da 'yarta take magana. Ki nemi wasu, ita a bar mana ita a gida."

Ba zan ɓoye miki ba, raina ya ɗan sosu, don na riga na gama rubutawa kuma lokaci ya ƙure. Amma a kan babur, hanyar komawa Gaya, sai na ji wani nauyi ya sauka daga ƙirjina. Da ya yarda, da kin zama "mace, mai shekara hamsin da wani abu, daga Kademi," wani ɗalibi da bai san ki ba yana ƙirga kalmominki yana hamma.

Washegari na wuce Ajingi wurin yayarki, Goggo Dije. Na gaya mata halin da nake ciki, ta tafa hannu ta ce, "Tsofaffi kike nema? Mu da ba mu da sana'a sai surutu?" Ta aika aka kira ƙawayenta ɓarar gyaɗa. Ta yi musu bayani da kanta, suka yarda, ta karɓi wayar ta ajiye a kan faifai a tsakiyarsu. Kafin a cika ƙwarya ɗaya sun manta da ita. Suka yi zancen shanun da aka sayar aka koma noma, da farin da aka yi suna amare, da wadda ta fi kowa iya dama fura. Hausa na tafiya, Fillanci na faɗowa ciki, ba mai lura.

Inna, dariyar Goggo taki ce sak. Har yadda take jan numfashi a ƙarshe ta ce "wayyo cikina." Na juya mata baya kamar ina gyara tabarma, na zauna a haka na daɗe, don in dai ban waiwaya ba, ke ce a bayana.

Na kwana biyu a can, na dawo da abin da ya ishe ni. Malama ta karɓi aikin, ta ce hirar Ajingi ce ta fi komai daraja a ciki. Saura in kare shi a gaban malamai bayan sallah. Ina jin tsoro, amma na shirya.

Kafin in baro gida Baba ya sa aka zuba masa saƙonnin a memorin ƙaramar wayarsa. Rabi ta ce in ya dawo daga gona yakan zauna a ƙofar ɗakinki ya kunna. Akwai na ƙarshe, wanda kika aiko kina kwance, kina cewa ruwa ya yi jinkiri, ba ki san ko dawar bana za ta yi ba. Ta ce duk lokacin da aka zo wurin, sai Baba ya gyaɗa kai ya ce, "Ta yi. Ai ta yi sosai."

Allah ya gafarta miki, Inna. Ya yalwata makwancinki ya haskaka shi, ya saka miki da gidan Aljanna a kan wahalar da kika sha da mu. Ya ba Baba haƙuri da lafiya, ya shirya mu mu zama masu yi miki addu'a har ƙarshen ranmu, ya tara mu da ke a inda ba a rabuwa. Amin.

'Yarki mai kewarki,
Hajara