Ruwan Wanke-wanke a Gindin Bango

Ha Mosiroe, Mokhotlong
Oktoba

'Yata Sebolelo,

Gaisuwa mai yawa, da fatan keken ɗinkin masana'anta bai karya miki baya ba tukuna. Ni lafiyata ƙalau, tun kafin ki tambaya.

Sun dawo. Ina tankaɗen garin masara a bakin ƙofa na ji su, tsattsewa biyu, suna ta cacar baki a ƙarƙashin ciyawar rufi kamar ba su ne suka gudu suka bar ni da hunturu ba. Sheƙarsu ta bara tana nan a saman ƙofa, bakinta ne kawai ya ɗan guntule. Na fara zuba musu ruwan wanke-wanke a gindin bango kamar kowace shekara, don bana ƙasa ta bushe, in babu laka da me za su yi gyara?

To kin ji. Ranar da muka binne babanki mun yi magana ni da ke: shekarar da tsattsewa ba su zauna a gidan nan ba, zan ɗaure bargona in bi ki Maputsoe. Bana ba shekarar ba ce. Ki daina aiko min da labarin ɗaki mai lantarki, na san inda zancen ya dosa.

Ɓerayen dutse sun fito shan hantsi a katangar garke. Mikiya mai gemu ta sako ƙashi daga sama, ya kusa fasa wa jakin maƙwabcinmu Ntate Ralebitso kai, da ya ba ni labari na yi dariya har na zauna a ƙasa. Dila ya ɗauke mana 'yan raguna biyu. Ralebitso ne ya faɗa min, tunda shi ke duba tumakin yanzu.

Allah ya tsare min ke.
Mahaifiyarki, 'Masebolelo

Maputsoe
Janairu

Mme,

Uwata, ina gaishe ki da ladabi, da fatan ruwan bana ya zo muku ba da ƙanƙara ba. Na ji tsattsewa sun dawo, na kuma ji yadda kika buga min gangar a kunne. Alkawari yana nan, ban manta ba.

Amma Mme, wannan dila fa. Da babana yake da rai, in dila ya ɗauki ɗan rago sai mun tsinci fata da ƙashi a bakin rafi. Tun da Ntate Ralebitso ya karɓi tumakin, dila ya koyi ɗauka bibbiyu, ko kofato ba ya bari. Ke kin ga wurin da idonki? Ke da ko kaza ta yi ɗingishi daga bakin ƙofa kike ganewa, yanzu komai sai Ralebitso ya ce. Mutumin nan gonarsa ta yi iyaka da tamu, kuma shi ne kullum mai ce miki, "Zauna, Mme, ina za ki?" Ni dai hankalina bai kwanta ba.

Rubutunki ma ya dame ni, layi yana hawa kan layi. Ki daina tsumulmular kananzir.

Fararen shamuwa sun sauka a gonar gangare bana? Kin saba ba ni labarinsu, wannan karon shiru.

Ki huta lafiya.
'Yarki, Sebolelo

Ha Mosiroe
Yuni

Sebolelo,

Gaisuwa daga cikin sanyi. Za ki ga hannun ba nawa ba ne. Yatsuna ne suka sandare, shi ya sa Ralebitso yake rubutawa, kuma shi ya karanta min wasiƙarki, har wurin kofato. Ya yi tari a wurin, ya wuce. Ke ba ki da kunya tun kina ƙarama.

Dusar ƙanƙara ta rufe mu. Busasshen kashin shanun da na tara zai kai ni ƙarshen hunturu, wuta ba ta mutu ba. Tsattsewa sun tafi a lokacinsu da 'ya'yansu. Gwara ne suka rage, su da ba su san zuru ba, ina watsa musu tsaki su yi ta faɗa a ƙafata. Tsuntsayen nan masu jan sanƙo suna zuwa tonon garke da safe, nakan ji fukafukansu in sun tashi. Dila yana kuka a bayan tudu, yunwa ta kama shi, ki zo ki tambaye shi kofaton da kanki.

Kin tambayi shamuwa. Bana ƙin tafiya ma suka yi. Ga su can fari fat a gonar gangare, a jere, kullum ina hango su daga ƙofa. Kin ga idona yana kaiwa har can, sai ki kwantar da hankalinki.

Ki sa bargo biyu.
Mahaifiyarki

Maputsoe
Yuli

Ntate Ralebitso,

Ina gaishe ka, don haka aka koya min. Wannan wasiƙar taka ce, kada ka karanta wa Mme.

Shamuwa a watan Yuni, a cikin dusar ƙanƙara? Ko jaririn da ke goye a Ha Mosiroe ya san suna tashi kafin raɓa ta fara daskarewa. Mme ce ta koya min haka tana nuna min su da yatsa. Ba za ta faɗi wannan ba. Kai ka rubuta abin da ka ga dama don in ɗauka komai lafiya, in zauna a nan, kai kuma ka ci gaba da duba tumaki da gona yadda kake so. Da ka ɗan ɗaga kai ka kalli sama kafin ka shirya ƙaryar.

Ka faɗa min halin da uwata take ciki. In ba haka ba, da zarar hanya ta buɗe zan zo, kuma gidan sarki zan fara sauka.

Sai na ji daga gare ka.
Sebolelo

Ha Mosiroe
Ƙarshen Oktoba

Ɗiyata Sebolelo,

Bayan gaisuwa da fatan alheri. Amsa ta yi jinkiri. Da farko hanya ce ta toshe, daga baya fushi ne, ba zan ɓoye miki ba. Tumaki suna nan, ki zo ki ƙirga, ki taho da sarkin ma.

Abin da ta faɗa shi na rubuta, ban ƙara ko ɗigo ba. Ta sa na dafa Littafi Mai Tsarki na rantse ba zan ce miki komai game da idanunta ba, kuma ba zan ce ba. Zan dai ba ki labarin buhuna. Fararen buhunan taki ne na soke a sanduna a gonar gangare don korar tsuntsaye daga alkama. Bayan girbi na manta da su. Su take gaisarwa kowace safiya.

Ga wanda ya fi wannan nauyi. Da sanyi ya sassauta ta kwaɓa laka da kashin shanu za ta yaɓe fuskar ɗaki, kamar yadda matanmu ke yi. Na ce ta bari matata ta yi, ta ce tun kafin a haifi matata take yaɓe. Tana shafawa da tafi tana lalube, ta miƙa hannu saman ƙofa, sheƙar ta ɓalle ta faɗo gaba ɗaya. Ta tsaya cak. Ta ce, "Ralebitso, me ya faɗi?" Na ce tsohon yaɓe ne.

Tsattsewa sun zo, sun yi ta kewaya ƙofar, suka wuce rufin coci. Gwara ne a ciyawar rufinta yanzu. Kullum sai ta tambaye ni, "Sun shiga?" in ce sun shiga. Har yau tana zuba ruwan nan a gindin bango.

Na san alkawarinku. Yanzu yana hannunki, ki yi yadda kika ga dama. Ni dai tausayinta nake ji, kuma na gaji da ƙarya.

Naki, ko da kin ƙi,
Ralebitso

Maputsoe
Nuwamba

Mme,

Gaisuwa da kewa mai yawa. Ntate Ralebitso ya aiko min da albishir, ya ce tsattsewa sun dawo sun shiga sheƙarsu. To bana ma kin ci ni, ba shekarar ba ce. Ki zauna a gidanki.

Zan zo hutun Kirsimeti. Akwai likitocin da ke duba tsofaffi a asibitin nan kusa da mu, in kin yarda mu je su duba miki yatsun nan, in mayar da ke da kaina kafin girbi. Ba tafiya ba ce, ziyara ce.

Ntate, tunda kai ke karantawa: na yi maka rashin kunya, na ji nauyi, ka yafe min.

'Yarki, Sebolelo

Ha Mosiroe
Nuwamba

Sebolelo,

Na gaishe ki. Ku biyun nan ba ku iya ƙarya ba. Rubuta, Ralebitso, kada ka tsallake. Ido ne ya tafi, kunne yana nan. Ni za a nuna wa gwara a ce tsattsewa? Kuma tsohon yaɓe ba ya zuwa da gashin tsuntsu a ciki, na durƙusa na taɓa bayan Ralebitso ya juya baya. Na yi shiru ne in ga wanda zai fara faɗa min, sai ga shi har ke kin shiga layinsa. Na yi kuka da ya karanta, ban san ko na haushi ba ne.

Magana magana ce. Na ɗaure bargo, ki zo.

Kai kuma mai rubutu, wannan naka ne, ka sa shi da manyan baƙi: ruwan wanke-wanke a gindin bango, kowace safiya, ko babu kowa a gidan.

Ku zauna lafiya.
'Masebolelo