Gutsattsarin da Suka Faɗa Bayan Ido

Litinin, 3 ga Maris

An yi min aikin yanar ido, na hagu. Kowa ya ce abin ba komai ba ne, kafin ka ce me an gama. Ni ban ga haka ba. Ana cikin aiki likita ya daina hira da nas, sai ƙarar na'ura kawai. Ni wanzamin zamani ne, shekara da shekaru ina aski, na san shirun mai aiki idan hannu ya kuskure.

Talata, 4 ga Maris

Likita ya faɗa min. Yanar ta yi tauri, wajen farfasa ta sai jakar da ke riƙe da ita ta yage, wasu gutsattsari suka faɗa can bayan ido. Shi ba zai iya kai hannu wurin ba, sai likitar bayan ido. Na tambaye shi in an bar su fa? Ya ce idon zai kumbura, yana iya mutuwa. Idon dama ma hazo ne. Da me zan riƙe reza a wuyan mutum?

Alhamis, 6 ga Maris

Ciwon kai, amai sau ba adadi. Wai ƙarfin ruwan idon ya hau. In na juya kai sai wasu baƙaƙen abubuwa su yi ta yawo kamar ganyen shayi a kofi. Matata ce ke ɗiga min magani, ina ta yi mata masifa wai hannunta na rawa. Nawa ya fi nata.

Asabar, 8 ga Maris

Shago a rufe. Tsoro nake ji, in ban faɗa a nan ba ina zan faɗa?

Talata, 11 ga Maris

An yi aiki na biyu. Likitar mace ce, ba ta kai 'yata ta fari a shekaru ba, gabana ya faɗi. Ta ce ƙananan ƙofofi uku za ta huda, ta tsotse gutsattsarin. Idona biyu aka yi, allurar kashe zafi kawai. Babu wanda ya gaya min zan ga abin: inuwar wani siririn tsinke a cikin idona, yana bin baƙaƙen nan ɗaya bayan ɗaya. Na ji kamar in tashi da gudu. Ta ce, “Baba, ga hannun nas, riƙe. Kada ka motsa yanzu.” Na kusa karya wa baiwar Allah yatsu.

Laraba, 12 ga Maris

An buɗe bandejin idon. Haske kawai, da alamar taga. Ta ce in yi haƙuri. Ban yarda da ita ba.

Juma'a, 28 ga Maris

Na karanta layi huɗu a allon gwajin ido na asibiti. Na ƙasa sun gagara, wataƙila da tabarau. Batun shago likitar ta ce tukuna.

Gemu ya cika min fuska, kuma har yanzu ba na ganin gefen kunnena a madubi. Tun da na koyi sana'a babu mahaluƙin da ya ɗora min reza. Matata ta ɗauko kujera ta ajiye a tsakar gida, ta ce, “Malam, zauna.” Na zauna, don dai kada a ce na cika gardama. Kumfarta ta yi ruwa, ta kuma yanke ni a haɓa. Na dai rufe idanu duka biyun saboda sabulu.

Ita ta ce har minshari na yi.