Mahaifina Ya Ɓoye Mini Makwancin Kifinsa

Mama Barek, ki taimake ni, baƙin ciki ya ishe ni, kuma na rasa wanda zan yi fushi da shi.

Ni 'yar masunci ce daga tsibirin Adonara. Wani kamfani zai kafa injin lantarki a ƙarƙashin mashigin tekunmu, mai farfela da ƙarfin ruwa ke juyawa. Ni aka ba aikin lissafawa a kwamfuta, kifi nawa farfelar za ta iya sara, kuma ina ya fi dacewa a kafa ta. Na'urarmu mai gano motsin kifi wata ɗaya tak ta yi a ruwa, sai na cike giɓin da tambayar masunta. Wa zan fara tambaya in ba mahaifina ba? Na shimfiɗa masa taswira yana taunar soyayyar masara, ya ɗora yatsa bayan wani dutse, ya ce nan ko ƙayar kifi babu. Sauran masunta suka mara masa baya, don ya daɗe yana tsorata su da wurin. Na rubuta, na sa hannu, aka zaɓi nan.

Ashe nan ne makwancin kifinsa, inda manyan kifaye ke ratsawa bayan damina. Shekara talatin yana ci shi kaɗai. Ko yaro a ƙauyenmu ya san masunci ba ya faɗin wurinsa, amma ni da na tashi cikin ƙarnin kifi na manta, don na riƙe biro. Yanzu ya daina cin girkina, yana yawo yana cewa bokona ya cinye masa teku. Shi da ƙarya, ni da laifi! In na gyara rahoton na tona asirinsa, kamfani kuma ya ce ban iya aiki ba. In na yi shiru, farfela za ta yi ta yanka da sa hannuna.

Mai Takaici, Adonara

'Yata, takaicinki da hujja, amma ki sassauta. Ranar nan ba 'yarsa ya gani ba, takardar baƙi ya gani, ya kare abincinsa yadda ya gada. Bai kyauta ba da ya ɗora miki laifi. Ke ma kin gina lissafi kan wata ɗaya da bakin masunci, wannan kuwa naki ne.

Shiru ba naki ba ne. Ki rubuta wa kamfani cewa bayananki ba su cika ba, a mayar da na'urar cikin ruwa bayan damina. Ba sai kin ambaci sunan kowa ba. Za su yi tsaki, wataƙila ma su sallame ki, amma gyara kayanka bai zama sauke mu raba ba.

Kafin nan ki sami mahaifinki ku biyu, cikin ladabi. Kada ki yi masa alkawarin sirrin zai tsira, don na'urar za ta faɗi abin da ya ɓoye. Abin da ya rage masa shi ne ya raba kifin da maƙwabtansa, ko ya raba da farfela. Allah ya huci zuciyarku, ya sa ya sake cin girkinki.

Mama Barek