Wa Ke Matsar da Furen Hazim?

Bahari, Iskandariyya,
Asabar, bayan la'asar.

Zuwa ga jikana, maigidana na ƙarya, Hazim.

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina roƙon Allah Ya sa takardar nan ta same ka cikin ƙoshin lafiya, Ya tsare ka daga zafin rana da kunama da manyan sojan nan masu ihu. Mu nan sai godiya, ban da gwiwata ta hagu da ke sanar da ni ruwan sama tun kafin rediyo ya faɗa. Kawunka Midhat ya samu ƙaruwa, 'ya mace, ta kwaso hancinsa kaf, Allah Ya ba ta haƙuri. Tunda an karɓe muku wayoyi a sansanin nan, ga ni na koma ga alƙalami, ni da na bar makaranta a aji huɗu. In ka ga layi ya karkace, teburin ne, ba ni ba.

To, gyara zama. Saura ƙiris ka zo hutu ka tarar da ƙofar gidan nan a garƙame, ni kuma ina can Alƙahira wajen uwarka, a hawa na tara, ina ƙirga farantan tauraron ɗan adam a rufin mutane. Kuma abarka ce ta jawo, furen tekun nan da ka sayo kwana huɗu kafin a kira ka aikin soja, ka dasa a akwatin gilashinka, ka manna mini takardar dokoki a bango, ka tafi. Ni Madam nake kiranta, don ba ta aikin komai sai a yi mata. Ka bar ta a buɗe kamar faranti, koriya shar, 'yan kifayenka biyu masu ruwan lemo suna birgima a gashinta kamar sun samu katifa. Sati bai cika ba ta fara tsukewa. Ta koɗe, ta saki baki kamar tsohon da barci ya sace a wajen wa'azi, na miƙa mata ɗan jatan lande ta bari ya zame ya faɗi. Duk wannan na ce baƙunta ce. Amma ran wata Talata na leƙa, ba ta kan dutsen da ka ajiye ta. Ta koma jikin gilashi. Washegari tana bayan dutse. Kashegarin wannan ta haura sama, dab da injin da ke kaɗa ruwa.

Hazim, ni 'yar masunci ce kuma matar masunci. Na san abin da taru ke fitarwa tun ba a haifi uwarka ba, ban taɓa ganin tsiro ya tashi ya sauya unguwa ba. Na ce wannan aikin hannu ne, wani ke shigo mini gida in na fita kasuwa. Mai makullina kuwa mutum ɗaya ce a duniya, Fayza ta ƙofar da ke kallon tamu, wadda ke riƙe da shi tun rasuwar kakanka. Na tuna yadda take tsayawa gaban akwatin ta taɓe baki, wai wannan wace irin wahala ce, a yi ta kiwon kifin da ba za a soya ba. Na ce ashe. Ranar na ƙwanƙwasa mata na ce ta ba ni makullin, nawa ya ɓata. Ta dubi nawan yana reto a wuyana, ta dube ni, ta shiga ta ɗauko. Shekara arba'in muna tare, ko gishiri ba mu taɓa hana juna ba, amma a ranar ban ji komai ba. Na ce ai na kama ta.

Duk da haka ban saki jiki ba, don makulli ana yanka wani. Na barbaɗa fulawa a bakin ƙofa ta ciki. Na ɗaura baƙin zare a murfin akwatin yadda ba mai ɗagawa bai tsinka shi ba. Na ɗauko kwallina ina ɗiga alama a gilashi daidai inda Madam take kowace safiya. Kwana uku zare na nan lafiya, fulawa ba sawun kowa sai nawa, Madam kuwa ta bar ɗigo huɗu a bayanta. A nan ne tsoro ya fara kama ni, ba zan ɓoye maka ba.

A haka uwarka ta sauko daga jirgin ƙasa ran Alhamis kamar yadda ta saba. Ka san Nagwa, tun daga matakala take fara bincike. Ta buɗe ƙofa ta taka fulawa, ta ga zare, ta ga gilashi ya sha kwalli kamar amarya, ta ji uwarta na rantsuwa cewa wani na matsar da fure. Na yi zaton faɗa za ta yi. Da ma faɗan ta yi! Sai ta sassauta murya, irin wadda ake yi wa yaro mai zazzaɓi, wai Mama zauna, Mama kin sha maganinki, Mama yau wace rana ce. Na ce yau ranar da na haifi mai raina ni ce. Na ce ta tambayi wayar nan tata da ta san komai, ko abin nan na tafiya. Wai ba za ta tambayi waya ko fure na tafiya ba, sai dai in za ta haɗa da ko kujera na sallah. Can na jiyo su a matakala ita da Fayza suna ƙus-ƙus, ana lissafo mini tukunyar lalon da ta ƙone da azumi, da tabarauna da aka tsinta a firji. Kafin ta tafi ta ce ta kama mini layi wajen likitan mantuwa Alhamis mai zuwa, daga nan in bi ta Alƙahira in ɗan huta kwana biyu. Na san irin kwana biyun nan. Da shi aka ɗauki Ummu Sabri ta hawa na uku, shekara huɗu ke nan, labulenta ma wasu ke amfani da shi.

Satin nan ba wanda ban zarga ba. Na ce uwarka ce ta kitsa, Fayza ke aiwatarwa, don a ce tsohuwa ta ruɗe a kwashe ta. Na zargi mai kawo iskar gas. Kai ma, ja'iri, ba ka tsira ba, na ce anya ba da kai aka shirya ba, ka ajiye mini abin da zai haukata ni ka gudu bayan bindiga? Daga ƙarshe zargina ya sauka kan mutumin da ya sayar maka da ita, na ce mai ciwo ya liƙa maka don ya gan ka da fuskar marasa wayo. Na cire katinsa daga jikin jarkar ruwan da ka bar wa Madam, na hau taragon cikin gari har shagonsa. Usta Shaukat sunansa, wani dogo mai sanƙo, hannunsa kullum a jiƙe. Na zazzage masa tas a gaban masu saye. Ya ce Hajiya a yi haƙuri, zai zo ya duba. Na ce ba ran da ya ga dama ba, ran Alhamis da hantsi, ina da baƙuwa da nake so ta ji bakinsa.

Ya kuwa zo, uwarka na tsaye da jakarta a kafaɗa tana duban agogo saboda likita. Na ce ya faɗa tsakaninsa da Allah, abin nan na tafiya ko ba ya tafiya. Ya yi dariya ya ce ai dabba ce ba tsiro ba, ƙafa gare ta guda ɗaya a ƙarƙashi, kuma in wuri bai yi mata ba haka take jan jiki tana neman inda za ta ji sanyi. Hazim, da ka ga kallon da na yi wa uwarka! Har na fara gyara mayafi zan yi jawabi. Sai mutumin nan ya ce amma tambayar ita ce me ya hana ta zama. Ya ciro wani ɗan ma'auni kamar mabusa, ya ɗiga ruwan akwatin a kai, ya ɗaga wajen taga ya kanne ido ɗaya. Ya yi salati. Ya sake ɗigawa, ya sake salati. Wai wannan ai ruwan jiƙa zaitun ne, wa ke ƙara ruwa in ya ragu? Ya waiwaya ya ga jarkokinka uku a jere, cike maƙil, ko kofi ɗaya ba a ɗiba ba.

To, ga abin da ya sa na ɗauki alƙalami, gara ka ji daga bakina. Ban taɓa zuba ruwan jarkarka ba. Na ɗanɗana na ji ruwan daɗi ne, ba gishiri ko kaɗan, na ce yaron nan gaggawa ta sa ya yi kuskure, ina aka taɓa shayar da 'yar teku ruwan sha? Saboda haka duk bayan kwana biyu nake sauka bakin ruwa, daidai inda kakanka ke ɗaure kwalekwalensa, in ciko kwalba biyu in hauro da su da gwiwar nan tawa, ina ganin gata nake yi mata. Usta Shaukat ya dafe sanƙonsa ya ce Hajiya, in miya ta daɗe a wuta ta ƙafe, ruwa kike ƙarawa ko gishiri? Ruwan ne ke tashi, gishirin na nan zaune. Sati uku ke nan ina ƙara wa miya gishiri, ga kuma man jiragen da ke yawo a ruwan gaɓar nan. Shekara sittin ina girki, sai ga mai sanƙo yana koya mini miya a tsakiyar ɗakina. Mai laifin da na watsa wa fulawa ashe da ita nake kwana nake tashi.

Ban gama jin kunyar ba uwarka ta sake ɗauko muryar nan mai laushi, wai ka gani ko Usta, yaron ya rubuta mata komai, mantawa take yi, Mama ɗauko takalminki kada mu makara. Nan na ga gidana yana fita daga hannuna a kan kwalba biyu. Na ce ta ɓallo takardarka daga bango ta riƙe, ta juya mini baya. Na tsaya tsakar ɗaki kamar ɗalibar allo na zubo mata dokokinka bakwai a jere. Fitila daga tara zuwa biyar. Abincin kifi sau ɗaya, abin da yatsa biyu suka ɗauka. Kada a kashe inji ko ana sharar gida. Da na zo ta huɗu na ɗaga murya: ruwan jarka kaɗai, Teta, don Allah kada ki yi mini dabara. Na ƙarasa sauran ukun ban yi tuntuɓe ba. Sannan na ce mata ban manta ba, Nagwa, ƙi na yi. Kullum sai na karanta ta huɗun nan in ce yaro ne, bai san teku ba.

Ta daɗe tana duban takardar. Sai ta zauna a hannun kujera ta fara dariya, har jakar ta zame ƙasa, daga nan dariyar ta koma kuka na gaske. Wai wata uku ba ta barcin kirki, tana tunanin ran da za a bugo mata a ce na fita na kasa gane hanyar gida. Na ce hanyar gida kuwa, da kwalba biyu nake hauro ta. Ta share ido ta ce da mantuwa ce da akwai likita, amma taurin kaina ko kakanka ya mutu bai samo maganinsa ba. Usta Shaukat dai ya rasa inda zai sa idonsa, ya ce ko za a samu shayi. A gabana ta buga ta soke layin likitan. Sharaɗinta ɗaya, in mayar wa Fayza makullinta, ta riƙa leƙo ni kowace safiya. Da yamma ta hau jirginta ita kaɗai.

Wannan sharaɗin ya fi likita wuya. Jiya bayan Juma'a na yi kek ɗin basbusa faranti guda na tsaya ƙofar Fayza. Ta bar ni a tsaye har ƙafata ta yi sanyi. Na ce na zarge ta da abin da ba ta yi ba, ta yafe mini. Ta ce ita ko an ba ta awarwaron zinariya ba za ta tsoma hannu a ruwan dodannin nan ba, kuma abin da ta gaya wa Nagwa tsoro ne ya sa, don ta leƙo ta gan ni durƙushe ina yi wa ƙofa barbaɗe kamar zan soya ta. Ta karɓi makulli, ta ci yanka uku, ta ce sukari bai ji ba. Ka ga mun shirya ke nan.

Madam kuwa tana nan tsakanin rai da mutuwa, ba zan yi maka ƙarya ba. Usta ya ce kada a sauke gishirin lokaci ɗaya, wai hakan ma kisa ne, sai kofi-kofi, a ɗebe na ciki a zuba na jarka, har kwana goma. Ya ɗaura raga a bakin injin kada ya tsotse ta in ta sake yawo. Ya ce kada in taɓa ta, kada in ba ta abinci, kada in matsar da dutse, in zuba mata ido kawai, wanda shi ne aiki mafi wuya da aka taɓa ba ni. Tun jiya ta shige wani tsagin dutse ba ta motsa ba, bakin ya ɗan rufu, amma har yanzu fara fat take kamar tafasasshen kabeji. Ɗaya daga kifayenka ya je ya shinshina ta yau da safe ya dawo. Usta bai yi mini alkawari ba, ni ma ba zan yi maka ba.

Kawunka Midhat da matarsa Rabab suna gaishe ka, da jaririyar da hancinta. Fayza ta ce ka ci abinci ko ba daɗi. Uwarka za ta rubuto nata daban, kada ka yarda da rabinsa. Ka gaida abokan ɗakinka, ka riƙe sallah, ka sa safa mai kauri. In Madam ta tashi, ka ce Usta Shaukat ne. In kuwa ta mutu kafin ka zo, kada ka wahalar da kanka neman wanda ya kashe ta. Ka hauro matakala ka ƙwanƙwasa, ita za ta buɗe maka ƙofa da kanta.

Kakarka, uwargidanka da ba ka da kamarta,
Teta Atiyyat