Maƙerin da Muka Bari a Bakin Kogi

Zuwa ga Yayana,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fatan takardar nan za ta same ka cikin ƙoshin lafiya, kai da iyalinka. Allah ya ƙara lafiya, ya sa albarka a aikinka. Mu nan duk lafiya lau. Ƙafar Goggo ta yi sauƙi har ta koma kan keken ɗinkinta, maigidana kuwa sai ƙiba yake yi yana ɗora mini laifi.

Abin da zai ba ka dariya shi ne, wasan labarinmu na kan tebur ya farfaɗo. Tun tafiyarka taswirar da ƙwayoyin jefawa masu lambobi suke saman kwaba ba mai taɓa su. Da na ga Baba, tun da ya yi ritaya daga kotu, ba ya komai sai zaman falo, na sauko da su na haye kujerarka ta mai jan labari. Duk Asabar da yamma muke zama, ni da 'yan koyona uku: Baba, Goggo da maigidana. Yadda ka koya mini na bi, ban karanta musu doka ko ɗaya ba. Kowa ya zaɓi mutuminsa a cikin labarin, ya faɗi abin da yake so ya yi, ƙwaya ta yanke ko ya dace. Goggo mayaƙiya ta ɗauka, amma har yau ba ta zare takobi ba, duk ɗan fashin da ya tare mu sai ta tambaye shi ko uwarsa ta san yana nan. Baba ya zaɓi mai magani. Ranar da ƙwaya ta fara ba shi ɗaya, lambar faɗuwa, ya cire tabarau ya ce zai ɗaukaka ƙara.

Shi na damƙa wa littafin tafiya, wanda muke rubuta abin da ya faru a kowane zama don kada a manta. Ka san mu, layi uku muke yi mu rufe. Amma mutumin da ya yi shekara talatin yana magatakarda, sai da ya sa kwanan wata, da waɗanda suka halarta, da wanda ya makara. Sannan ya ce shi ba ya rubutu a fayil ɗin da bai karanta farkonsa ba. Ya kwashi tsofaffin littattafanmu uku ya shige ɗaki da su.

Da Asabar ta zagayo, muna bakin kogon zinariyar da muka yi wata biyu muna nema, sai ya buɗe littafi na uku ya karanto mana rubutunka. Zamanmu na ƙarshe ne kafin ka tafi, inda maƙeri, mutuminka a cikin labarin, ya karye a ƙafa, muka bar shi a bukkar masunci a bakin kogi da alkawarin za mu dawo. Wallahi na manta sam. Baba ya ce ya bi shafi-shafi bai ga inda aka koma ba, don haka maganar tana nan a buɗe, kuma shi mai magani ba zai shiga neman zinariya ba alhali mai karaya yana jira. Maigidana ya yi ta magiya a leƙa kogon ko sau ɗaya, Baba ko kallonsa bai yi ba. Haka muka juya, zama uku muna tafiya.

Yaya, ni dai na gane, na kuma san ka gane. Shekara biyu ke nan ba ku ji muryar juna ba, tun maganganun da kuka faɗa wa juna a kan tafiyarka. Kai ba ka kira, shi ba ya tambaya, ni ce a tsakiya, kuma abin yana ci mini rai.

Jiya muka isa bukkar. Baba ya ƙwanƙwasa tebur sau uku ya yi sallama, sai kowa ya juyo yana kallona. Na tuna musu dokar da kai ka kafa, cewa ba a magana da bakin mutumin wani, maƙerin kuwa naka ne. Sai Baba ya rubuta cewa an ɗage zama har sai an sami amsa daga ciki. Don haka duk Asabar ƙarfe biyar zan ajiye wayata a kan taswira. Ba sai ka shirya doguwar magana ba, ka amsa sallama kawai.

Ka gaishe mini da Anti da 'yan biyu, ka ce ina jiran hotunansu. Goggo da maigidana suna gaishe ka da kyau. Duk gaisuwar Baba da ka gani a takarduna na baya, ni na ƙara ta da hannuna. Wannan karon ban rubuta ba, ka kira ka ji daga bakinsa.

Taka ƙanwa,
Auta