Tsumma a Ƙarƙashin Igiya

Yaya,

Gaisuwa mai yawa. Ya jikin Inna, ya yara? Ni lafiya lau, barci ne kawai ya ƙaurace mini.

Asibitin masu taɓin hankali da nake aiki ya ci lambar yabo ta duniya saboda mun daina ɗaure marasa lafiya. Aka jera mu hoto, wai in yi murmushi. A ranar na ji kun sake ɗaure Auta a ƙarfen taga, kada maƙwabta su gan shi. Maƙwabtan ne suka haife shi?

Kullum ina lallashin ƙannen wasu su ci abinci, nawa yana ɗaure. Takarduna ba su fito ba, balle in taho.

Don girman Allah, in ba za ku kwance shi ba, ku sa masa tsumma a ƙarƙashin igiyar.

Ƙanwarka